Genshin Impact: Duniya Guda a Cikin Wayarka, Amma Ka San Abin Da Za Ta Ci Maka Kafin Ka Sauke

Yau ba saitin waya za mu koya ba, hira za mu yi a kan wani gem da ake yawan tambayarmu a kansa, wato Genshin Impact. Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum: "Ya cancanci in ƙona datata in sauke shi?" Amsata a taƙaice ita ce, gem ne mai kyau ƙwarai, irinsa ba su da yawa a waya, amma an gina shi ne ta yadda zai riƙa cin lokacinka kullum, kuma ya riƙa zungurar aljihunka. Idan ka shiga da idonka a buɗe za ka more shi ba tare da ka kashe ko sisi ba. Idan ka shiga a makance, to sai dai haƙuri. Bari mu bi abin daki-daki.

MENE NE SHI WANNAN GEM ƊIN?

Kamfanin miHoYo da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin ne ya ƙera shi, a wajen Sin kuma suna amfani da sunan HoYoverse. An sake shi ranar 28 ga Satumba, 2020, kuma ana buga shi a Android, iPhone, kwamfuta, PlayStation, daga baya aka kai shi Xbox. Sauke shi kyauta ne. Duk da haka, cikin wata shida na farko kawai ya tara wa masu shi sama da dala biliyan ɗaya daga masu bugawa a waya. Ka riƙe wannan adadin a ranka, za mu dawo kansa.

Labarin na wasu tagwaye ne, mace da namiji, masu yawo tsakanin duniyoyi. Aka raba su da ƙarfin tsiya, kai kuma za ka zaɓi ɗaya ka shiga neman ɗayan a wata duniyar tatsuniya mai suna Teyvat, tare da wata 'yar mitsitsiyar abokiyar tafiya mai shawagi a iska, Paimon. Duniyar tana da manyan ƙasashe bakwai, kowace da sinadarinta: iska, ƙasa, lantarki, tsirrai, ruwa, wuta da ƙanƙara.

Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar duniya shi ne ba a kama hannunka a ce dole sai ka bi hanya ɗaya. Dutsen da ka hango can nesa za ka iya tafiya har ka hau shi. Ka ga kogi, ka yi iyo. Ka hau ƙololuwa, ka buɗe fiffike ka sauko a iska. Iyakarka kawai ƙarfin jikin ɗan wasanka, wanda ke raguwa idan kana hawa ko gudu.

INDA YA CIRI TUTA

Na farko, ita kanta duniyar. Gaskiya a nan ba a yi musu ƙarya ba. Kowace ƙasa an ɗauko ta ne daga wani yanki na duniyarmu. Mondstadt ta yi kama da tsoffin garuruwan Jamus, Liyue ƙasar Sin ce, Inazuma Japan, Sumeru ta haɗa kurmi da hamada da ƙamshin Indiya da Gabas ta Tsakiya, Fontaine kuma Faransa, har da nutso a ƙarƙashin ruwa. Ba gine-gine kaɗai ke sauyawa ba, abinci, sutura, sunaye da kiɗa duk suna sauyawa. Kiɗan ma ba na wasa ba ne, manyan ƙungiyoyin makaɗa aka ɗauka, irin su London Philharmonic da ta birnin Shanghai. Ka sa abin kunne ka tsaya a bakin tashar ruwan Liyue da daddare, za ka manta cewa waya ce a hannunka.

Kuma duniyar ba fanko ba ce. Da wuya ka yi tafiyar minti biyu ba ka ci karo da wani abu ba: akwatin dukiya a ɓoye, ko wasan kaifin ƙwaƙwalwa, ko kogo, ko wani mutum da ke da nasa labarin. Sau da yawa za ka fito da niyyar yin aiki ɗaya, ka ƙare a wani wuri dabam saboda wani haske da ka hango. Wannan shi ne ainihin daɗin gem ɗin. Tun fitowarsa mutane suka riƙa cewa ya kwaikwayi Zelda: Breath of the Wild na 2017, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, musamman wajen hawan dutse da sauka da fiffike. Bambancin shi ne Zelda sai ka sayi na'urar Nintendo, wannan kuwa yana cikin aljihunka.

Na biyu, tsarin faɗa. Ba danne-danne ba ne kawai. Kana riƙe da mutum huɗu, kana sauya su nan take, kuma sirrin yana wajen haɗa sinadarai. Ka jiƙa abokin gaba da ruwa ka bi shi da ƙanƙara, sai ya daskare wuri ɗaya. Ka jiƙa shi ka kawo wuta, bugun ya ƙara nauyi. Wuta da lantarki su haɗu, sai fashewa. Iska kuma tana kwasar wasu daga cikin sinadaran da ta tarar ta watsa wa na kusa. Har yanayin gari yana da tasiri: idan ana ruwan sama kowa a jiƙe yake, ciyawa kuma tana kamawa da wuta ta ƙona ka kai ma. Ka ga ke nan wanda ya fahimci haɗin zai iya kayar da abin da ya fi ƙarfinsa.

Na uku, ba a rufe maka ƙofar labari da kuɗi. Duk ƙasashen, duk babban labarin, a buɗe suke ga wanda bai taɓa biyan komai ba. Ana ba ka Amber, Kaeya da Lisa tun farko, daga baya ka samu irin su Barbara da Xiangling kyauta. Ita Xiangling ɗin, duk da tauraro huɗu gare ta, shekaru da dama tana cikin waɗanda ƙwararru ke sakawa a tawagarsu. Babu tallace-tallace masu faɗo maka a tsakiyar wasa kamar yadda muka saba gani a gem ɗin kyauta. Kusan duk bayan mako shida ana kawo sabon abu. Kuma asusunka ɗaya ne, za ka iya farawa a waya ka ci gaba a kwamfuta. Idan ka kai mataki na 16 za ka iya gayyatar abokai uku ku yi yawo tare.

TO INA MATSALAR TAKE?

Ka tuna dala biliyan ɗayan nan? Ga inda take fitowa.

Yawancin 'yan wasan da ke cikin gem ɗin ba sayen su ake yi kai tsaye ba, ƙuri'a ake ja. Suna kiran abin Wish. Kowane ja ɗaya yana cin duwatsu 160, waɗanda ake kira Primogems. Damar samun ɗan wasa mai tauraro biyar a ja ɗaya ita ce kashi 0.6 cikin ɗari. Ba shida ba fa, ƙasa da ɗaya. An yi alkawarin cewa idan ka kai ja 90 dole ka samu mai tauraro biyar, kuma damar tana ƙaruwa sosai idan ka wuce saba'in da 'yan kai. Sai dai akwai wani tarkon a gaba. Mai tauraro biyar ɗin da ya fito ba lallai ne ya zama wanda aka saka hotonsa a talla ba, kusan rabi da rabi ne. Idan ka faɗi, sai a zagaye na gaba ne za a tabbatar maka da shi. Tun 2024 sun ɗan sassauta wa wanda ke ta faɗuwa a jere, amma tushen tsarin yana nan. Wato a mafi munin sa'a, sai ka yi ja 180 kafin ka samu mutum ɗaya.

Bari mu buga lissafi. Ja 180 sau 160 ya ba mu duwatsu 28,800. Ayyukan kullum da gem ɗin ke ba ka suna kawo duwatsu 60 a rana, wato kusan kwana uku kafin ka haɗa kuɗin ja ɗaya. Gaskiya ne akwai wasu hanyoyin, kamar bukukuwan da ake yi lokaci-lokaci da buɗe akwatuna, kuma suna ƙara yawan abin sosai. Amma idan da kuɗi za ka sayi adadin nan gaba ɗaya, babban ƙunshin da suke sayarwa dala 99.99 ne, kuma sai ka sayi uku ko huɗu. Dala 300 zuwa 400 ke nan a kan hoto mai motsi guda ɗaya. Ka juya shi zuwa naira ko sefa da canjin yau ka ga abin da zai ba ka. Kuma wai don ɗan wasan ya kai ƙarshen ƙarfinsa, sai ka same shi har sau bakwai.

Wani zai ce ai ba dole aka yi wa kowa ba. Haka ne. Amma ka duba yadda aka tsara abin. Ɗan wasan yana zuwa ne na kusan mako uku, sannan a ɗauke shi, ba ka san ranar dawowarsa ba. Kafin nan an riga an sa ka ka shaƙu da shi a cikin labari, an ba ka aronsa ka ɗanɗana. Ka yi ja 60 ba ka samu ba, ga kwana biyu ya rage. A nan ne zuciya ke cewa "ɗan kaɗan ya rage, saka dubu kaza kawai." Sannan kuɗinka ba ya tafiya kai tsaye: ka sayi wani lu'ulu'u, ka mayar da shi duwatsu, ka mayar da duwatsun tikitin ja. Kafin ka gama wannan juye-juyen ka manta nawa ne ainihin farashin ja ɗaya.

Wannan ba zargina ba ne ni kaɗai. A watan Janairun 2025 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 20 don sasantawa da hukumar kula da cinikayya ta Amurka, wato FTC, wadda ta zarge shi da ruɗar yara da sauran masu wasa game da ainihin kuɗin da ake kashewa da kuma damar cin ƙuri'ar. Cikin sharuɗɗan har da hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin wannan ƙuri'a ba tare da izinin iyaye ba. Ni dai a ganina, duk abin da za ka zuba kuɗi ba ka san me zai fito ba, ka san da me ya yi kama a wurinmu. Kowa ya yi wa kansa hisabi.

Matsala ta biyu ita ce lokaci. Bayan ka gama labari, gem ɗin yana rikiɗewa ya koma kamar aikin ofis. Akwai wani makamashi da ake kira Resin, iyakarsa 200, kuma guda ɗaya yana dawowa ne duk bayan minti takwas. Da shi kake karɓar ladan yawancin kayan ƙara ƙarfi. Idan ya cika ba ka kashe ba, sai ka ji kamar ka yi asara, don haka kullum sai ka leƙa. Mafi ban haushi shi ne neman kayan ado guda biyar da kowane ɗan wasa ke sakawa. Kowane shiga yana cin 20, abin da zai fito kuma sa'a ce zalla, ƙarfin da zai hau kansa ma sa'a ce. Mutum zai iya shafe makonni yana shiga ɗaki ɗaya, yana kashe dodanni iri ɗaya, bai samu abin da yake nema ba. Wanda ya zo don yawon duniya sai ya wayi gari ya zama lebura.

Ta uku, yawan surutu. Akwai wurare a labarin da za su taɓa maka zuciya, musamman ƙarshen Sumeru da na Fontaine. Amma kafin ka kai wurin sai ka sha doguwar hira, Paimon kuma ta maimaita maka abin da aka gama faɗa yanzu-yanzu. Shekaru masu wasa suka yi suna roƙon a saka maɓallin tsallake hira. Sau da yawa kuma zaɓin amsar da ake ba ka ba ya sauya komai, duk wanda ka danna wuri ɗaya za ku ɓulla. Ga wanda ke neman gem ɗin da shawararsa ke juya labari, irin The Witcher 3, wannan ba zai gamsar da shi ba. A sani kuma babu Hausa a ciki. Akwai Turanci da Faransanci a rubuce, don haka 'yan uwanmu na Nijar ma za su iya bi.

Ta huɗu ta shafe mu kai tsaye. Lokacin da aka bayyana ƙasar Natlan a 2024, wadda aka ɗebo daga al'adun Afirka da Latin Amurka da wasu tsibirai, mutane da yawa sun yi ƙorafin cewa an ɗauki sunayenmu da kiɗanmu amma yawancin 'yan wasan farare ne tas. Akwai wani mai suna Ororon da aka ce daga kalmar Yarbanci ta Olorun aka samo sunansa, shi ma fari. Irin wannan ƙorafin aka yi a kan Sumeru tun 2022. Ni ma ina ganin masu ƙorafin suna da hujja. Idan za ka ari rigar mutum ka ci kasuwa da ita, ai bai kamata ka ɓoye fuskarsa ba.

Ga iyaye kuma: an ware gem ɗin ne ga matasa, 'yan shekara 12 ko 13 zuwa sama. Labarinsa cike yake da alloli na tatsuniya, shigar wasu daga cikin matan ciki kuma ba irin tamu ba ce. Ka duba da kanka kafin ka bar wa ƙaninka ko ɗanka wayar.

WAYARKA ZA TA IYA KUWA?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka fara yi. Abin da za ka sauke daga Play Store ƙarami ne, kada ya ruɗe ka. Sai ka buɗe shi zai fara janyo ainihin kayan, kuma gaba ɗaya yana haura gigabait 20, yana kuma ƙaruwa da kowace sabuntawa. Waya mai ma'ajiyar gigabait 64 za ta ji jiki. Mai RAM 4 zai iya buɗewa amma da ƙyar, 6 zuwa 8 ya fi kwanciyar hankali. Sannan gem ne mai dafa waya da zuƙe caji. A zafin watan Afrilu, ga rashin wuta, ka san abin da hakan ke nufi.

Ba ya kuma yi sai da intanet, ko da kai kaɗai kake wasa. Da sabis ya ɗauke, wasa ya tsaya. Babu sabar Afirka, don haka ka zaɓi ta Turai, ita ta fi kusa da mu. Ka yi shawara da abokanka tun farko, domin ba a mayar da ci gaban mutum daga wata saba zuwa wata, kuma sai kuna saba ɗaya za ku iya wasa tare.

IDAN KA YANKE SHAWARAR GWADAWA

1. Ka sauke shi da Wi-Fi ko datar dare, kada ka taɓa datarka ta wata. Haka ma duk lokacin sabuntawa.

2. Ka shiga saitin hoto ka mayar da shi ƙasa, ka bar shi a 30 FPS, ka rage inuwa. Kyan zai ɗan ragu amma wayar za ta huta. Ka cire mata riga lokacin wasa, kuma ka guji bugawa tana jikin caji.

3. Ka bar muryar harshe ɗaya kawai, ka goge sauran. A cikin saitin akwai kuma wurin goge kayan ayyukan da ka riga ka gama. Waɗannan biyun suna dawo maka da wuri mai yawa.

4. Kada ka bar katin banki a maƙale da Play Store ba tare da kalmar sirri ba. Ka saita shi ya riƙa tambayarka kafin kowane saye, musamman idan yara na taɓa wayar.

5. Ka tara duwatsunka don mutum ɗaya da kake so da gaske. Adadin jan da ka yi ba ya ɓacewa idan aka sauya ɗan wasan talla, yana bin ka zuwa na gaba. Don haka babu dalilin gaggawa, kuma yawancinsu suna dawowa.

6. Kada ka sayi asusu ko duwatsu masu araha a hannun wani a intanet. Nan ne ake damfarar mutane, kuma ana iya rufe asusun.

7. Ranar da ka ji kana shiga ne don kada Resin ya cika, ba don kana jin daɗi ba, ka ajiye shi na mako guda. Babu abin da zai ƙone.

HUKUNCINA

Idan kana da waya mai ƙarfi da hanyar samun Wi-Fi, kuma kai mutum ne mai iya ganin abu ya ce "ba yanzu ba," to ka sauke. Za ka samu watanni na yawo da labari da kiɗa mai daɗi ba tare da ka biya komai ba, kuma abu ne da shekara goma da suka wuce ba wanda zai yarda waya za ta iya ɗauka. Ka buga shi a matsayin matafiyi, ka bi labari, ka hau duwatsu, ka yi amfani da mutanen da ka samu.

Idan kuwa ka san kanka, ka san ba ka iya barin abu sai ka ga ƙarshensa, ko ka taɓa samun kanka cikin jarabar irin su caca ta waya, ko jarrabawa na gabanka, shawarata ka bar shi. Ba don gem ɗin ba shi da kyau ba, sai don kyan nasa ne ƙugiyar. Su masu shi sun san abin da suke yi, saura kai ka san naka.

Wanda ya taɓa bugawa ya faɗa mana a ƙasa: wace waya kake amfani da ita, kuma ya take yi da zafi? Hakan zai taimaki wanda ke shirin saukewa. Ku tura wa abokanku masu son gem, sai mun haɗu a rubutu na gaba.